Yadda Ƙaramin Kamfani Zai Sabunta Manhajojinsa Ba Tare da Abokin Ciniki Ya Ji a Jikinsa Ba

Da safe mai kula da kuɗi ta kunna kwamfuta, sai ga saƙo a tsakiyar allo cewa an sabunta manhaja cikin dare. Maɓallin fitar da rasit da ta saba gani a sama ta hannun dama ya yi ɓatan dabo, an cusa shi cikin wani jerin zaɓi. Da ƙyar ta lalubo shi, ta danna, firinta ta yi gum. Ga mutum uku a tsaye, na gaban yana ta duba agogo. Shi wannan bawan Allah bai san sunan manhajar ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da zai tafi da shi a ransa shi ne a wurin nan an ɓata masa lokaci.

Babban kamfani yana da sashe guda wanda aikinsa ke nan, ya gwada kowace sabuntawa kafin ta isa ga ma'aikata. Kamfani mai mutum biyar ko goma sha biyar ba shi da wannan gata. Galibi aikin yakan faɗo kan wanda aka ga ya fi kowa sanin kwamfuta, ko da an ɗauke shi ne don sayar da kaya. Da shi nake magana a nan, da kuma mai kamfanin. Ma'aunin da za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe ɗaya ne: ba a cewa sabuntawa ta yi kyau don kwamfuta ta tashi lafiya, sai an bi sawun abokin ciniki tun daga tambayarsa ta farko har rasit ɗinsa, an ga bai yi tuntuɓe a ko'ina ba.

Mataki na farko: san abin da kake da shi

Buɗe takardar lissafi guda, ka jera duk wata manhaja da aikinku ya dogara a kanta: ta rubutu da lissafi irin su Microsoft 365 ko Google Workspace, ta ajiye lissafin kuɗi, ta karɓar biya, ta hira da abokan ciniki irin WhatsApp Business, shafin intanet na kamfani da ƙananan manhajojin da aka liƙa masa. A gaban kowace ka rubuta sigar da kuke amfani da ita, ranar da kuɗin rijistarta ke ƙarewa, da adireshin imel ɗin da aka buɗe asusun da shi.

Wannan batu na imel ya fi yadda ake zato muhimmanci. Kamfanonin manhaja suna aika gargaɗin canje-canje ga wanda ya buɗe asusu. Idan wanda ya buɗe ya bar aiki shekara biyu da suka wuce, to sanarwar tana can tana taruwa a akwatin da ba mai buɗewa. Ka mayar da duk asusun zuwa adireshin kamfani wanda aƙalla mutum biyu ke iya dubawa.

Sai shafi na ƙarshe a takardar, wanda shi ne ƙashin bayan komai: shin abokin ciniki yana taɓa wannan manhaja, ko yana ganin abin da ta fitar? Rubuta eh ko a'a. Za ka yi mamakin abubuwan da za su faɗa cikin eh. Na'urar ɗaukar hoton takardu da ke aika wa mutane yarjejeniya ta imel tana ciki. Tsohuwar takardar Excel da wani ya haɗa mata dabarun lissafi shekaru da suka shige, wadda da ita ake fitar da farashi, ita ma tana ciki, duk da ba wanda ke kallonta a matsayin manhaja.

Mataki na biyu: ba duk sabuntawa ce iri ɗaya ba

A nan yawancin mutane ke kuskure, ta ɗayan fuska biyu. Wasu sukan danna "bari sai an jima" har wata shida. Wasu kuma duk abin da ya zo sai su karɓa nan take, ko da tsakar ranar ciniki ce.

Nau'i na farko shi ne facin tsaro, wato gyaran da ke toshe wata kafa da masu kutse za su iya bi. Wannan ba a jan ƙafa a kansa. A ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka a Windows. Wata biyu bayan nan, ranar 12 ga Mayu, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Maganin yana nan tun watanni biyu, yawancin waɗanda abin ya ci ba su ɗora shi ba ne kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar dai aka kutsa kamfanin Equifax na Amurka ta wata kafa da ita ma an riga an fitar da facinta, aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 147.

Nau'i na biyu shi ne sabuntawar da ke kawo sababbin abubuwa ko ta sauya fasalin allo. Wannan ba gaggawa a cikinta, kuma ita ce ta fi rikita ma'aikata. A watan Oktoba na 2018 Microsoft da kanta ta dakatar da wata babbar sabuntawar Windows 10 kwanaki kaɗan da fitowarta, bayan wasu sun yi ƙorafin ta goge musu fayiloli. Waɗanda suka yi haƙurin mako guda ba su ga wannan tashin hankali ba.

Ta yaya za ka bambance? Karanta bayanin da ke zuwa tare da sabuntawar, ko da layi biyar na farko ne. Lambar siga ma tana ba da haske, domin manhajoji da yawa suna bin tsarin lamba uku. Daga 4.2.1 zuwa 4.2.2 ƙaramin gyara ne. Zuwa 4.3.0 an ƙara wani abu. Zuwa 5.0.0 kuwa ka tsaya ka yi nazari, don a nan ne abin da ke aiki jiya zai iya daina yi. Ba kowane kamfani ke bin wannan tsari ba, amma inda ake bin sa yana rage wahala.

Ƙa'idar da nake ganin ta fi dacewa da ƙaramin kamfani: facin tsaro cikin kwana biyu zuwa uku, sababbin abubuwa bayan mako ɗaya ko biyu, babbar siga kuwa sai an sa mata rana an shirya.

Mataki na uku: karɓe ragamar lokaci

Tun 2003 Microsoft ke fitar da facinta na tsaro a ranar Talata ta biyu a kowane wata. Ka sa wannan rana a kalandarka, ka ware safiyar Alhamis ko yammacinta don dubawa. A Windows akwai inda ake saita sa'o'in aiki don kada kwamfuta ta kashe kanta ta sake tashi ana tsakiyar hidimar mutane, akwai kuma damar dakatar da sabuntawa har mako biyar. Wannan dama ta jinkiri ce ta ɗan lokaci, kada ta zame maka mafaka.

Masu Microsoft 365 na kasuwanci suna iya zaɓar hanyar da sabuntawa ke zuwa musu: Current Channel tana kawo komai da zarar ya fito, Monthly Enterprise Channel kuma sau ɗaya a wata. Ga ƙaramin ofis, ta wata-wata ta fi kwanciyar hankali. A Google Workspace, mai kula da asusu yana iya zaɓar Scheduled Release maimakon Rapid Release, sai sababbin abubuwa su iso aƙalla mako guda bayan sun isa ga wasu.

Gaskiyar da babu daɗi ita ce manhajojin da ke aiki kacokan a intanet ba sa neman izininka. Ka kwanta da wani fasali, ka tashi da wani. Abin da ke hannunka shi ne ka riga ma'aikatanka sani, ta hanyar karanta sanarwar da ke shafin mai kula da asusu sau ɗaya a mako. Minti goma ya isa.

Mataki na huɗu: kwafin ajiya, kuma a gwada shi

Kafin kowace babbar sabuntawa, a ɗauki kwafin bayanai. Tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 har yanzu ba ta da na biyu: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da ofis. Kada ka ɗauka fayil ɗin da ke Google Drive ko OneDrive ya zama kwafin ajiya don kawai yana intanet. Waɗannan madubi ne, abin da ka goge a nan yana gogewa a can, kuma kwandon shara na Google Drive yana zubar da abin da ke cikinsa bayan kwana 30.

Sannan ka ɗauko fayil guda daga kwafin ka buɗe shi a wata kwamfuta. Kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, fata ne kawai.

Mataki na biyar: kwamfuta ɗaya tukuna, sannan ka zama abokin ciniki

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Zaɓi kwamfuta guda wadda in ta tsaya ciniki ba zai tsaya ba, ka sabunta ta ita kaɗai. Sai ka cire hular mai kamfani, ka ɗauki wayarka ta kanka da imel ɗinka na kanka, ka bi hanyar da baƙo ke bi.

Cike fom ɗin da ke shafin kamfani, ka ga ko saƙon ya iso. Ka yi odar abu mafi araha, ka biya. Ka fitar da takardar neman biya, ka buga ta a takarda, ka kuma aika ta zuwa wayarka. Yanzu ka zuba mata ido kamar wanda za a caje shi. Tambarin kamfani yana wurinsa? Lambar asusun banki ta fito cikakkiya, ko layin ƙarshe ya yanke? Harajin da aka lissafa daidai ne? Kwanan wata fa? Sau da yawa sabuntawa kan mayar da saiti yadda ya zo daga masana'anta, sai 04/05 da kake nufin 4 ga Mayu ya koma 5 ga Afrilu, domin a tsarin Amurka wata ne ke gaba. Mutum ya ga takardar da ke cewa wa'adin biyansa ya wuce da wata guda, ba zai tsaya tunanin saitin kwamfuta ba, zai ɗauka kun raina masa hankali.

Idan sabuntawar ta ƙunshi kwashe jerin abokan ciniki daga wata manhaja zuwa wata, to ka yi hattara da Excel. Da ka buɗe fayil ɗin CSV (irin fayil ɗin da manhajoji ke fitar da jerin bayanai a ciki) kai-tsaye, yakan ɗauki lambar waya a matsayin adadi ya cire sifilin farko. Lamba mai tsawo kuma, Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15, sauran sai ya mayar da su sifili, kuma in ka adana a haka sun tafi ke nan. Wannan hali nasa na yi wa bayanai gyaran da ba a roƙa ba ya taɓa gallabar masana ƙwayoyin halitta, har a 2020 suka sauya sunayen wasu ƙwayoyin halittar, irin su MARCH1 da SEPT1, saboda Excel yana mayar da su kwanan wata. A 2023 Microsoft ta ƙara saitin da ke kashe wannan sauyi na kai-tsaye. Ka neme shi ka kashe, ko kuma ka shigo da fayil ɗin ta hanyar shigo da bayanai, ka gaya wa Excel cewa shafin lambobin waya rubutu ne.

Ka kuma duba sunaye. Haruffa irin su ɗ da ƙ da ɓ, ko é da ü na wasu harsuna, sukan koma tarkacen alamomi idan ba a adana fayil da UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban. Ba abin da ke saurin sanyaya gwiwar mutum kamar ya ga an dagula sunansa a saman saƙon da ke neman kuɗinsa.

Sai imel. Aika wa kanka a Gmail da wani akwati na daban, ka ga ko ya faɗa cikin saƙonnin banza. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: mai aika imel sai ya tabbatar da cewa daga yankinsa (sunan da ke bayan alamar @) saƙon ya fito ta hanyar SPF ko DKIM, masu aika dubbai a rana kuma har da DMARC, waɗanda duk bayanan shaida ne da ake sawa a saitin yankin. Idan ka sauya manhajar da ke aika rasit ko sanarwa, sabuwar ma sai an shigar da ita cikin waɗannan bayanai, in ba haka ba saƙonninka za su riƙa ɓacewa ba tare da an sanar da kai ba. Irin wannan matsala ba ta ƙara, sai dai ka ga mutane sun daina amsawa.

Rubuta waɗannan gwaje-gwaje a shafi ɗaya, ka liƙa kusa da kwamfutar. Karo na farko zai ci maka awa guda. Daga baya minti ashirin ne.

Mataki na shida: rana da mutane

Kada a yi babbar sabuntawa a jajibirin hutun mako, ko ƙarshen wata lokacin biyan albashi da rufe lissafi, ko a lokacin da ciniki ya fi zafi. Ka gaya wa ma'aikata kwana biyu kafin ranar, da hoton allo biyu ko uku da aka zagaye inda maɓallan suka koma. Ba sai an kira taron horaswa ba. Wanda ke fuskantar jama'a shi ya kamata ya fara gani, ba shugaba ba.

Mataki na bakwai: ranar da abin ya ƙi

Duk shirin da ka yi, wata rana zai ƙi. A ranar 19 ga Yulin 2024 wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice, a wasu filayen jiragen har da hannu aka riƙa rubuta wa fasinjoji katin shiga. Sabuntawar da kanta ta sauka, ba wanda ya danna komai. Idan manyan da ke da ɗaruruwan injiniyoyi sun koma ga biro da takarda, kai ma ka tanadi naka: littafin rasit na hannu, jerin farashi bugagge, lambobin manyan abokan ciniki a wani wuri da ba kwamfutar ofis ba, da hanyar karɓar kuɗi ta biyu.

Ka san hanyar komawa baya tun kafin ka buƙace ta. Bayan babbar sabuntawar Windows, kwana 10 ne kawai ake da su na komawa tsohuwar siga cikin sauƙi, daga nan sai tsarin ya share tsofaffin fayilolin. Ka kuma yanke wa kanka iyaka: in awa ɗaya ta cika ba a gano bakin zaren ba, a koma baya, a yi binciken daga baya.

Abin da za a faɗa wa abokin ciniki kuwa, kalmar "matsalar netwok ce" ta gaji. Mutane sun daina yarda da ita ko da gaskiya ce. Ga irin saƙon da ke kwantar da hankali:

"Barka da rana. Muna ba ku haƙuri, na'urarmu ta fitar da rasit ta samu tangarɗa tun ƙarfe 10 na safe. Kuɗin da kuka biya ya shigo, odarku ma tana nan daram. Za mu aiko muku da rasit kafin ƙarfe 4 na yamma, in kuma an samu jinkiri za mu sake tuntuɓarku kafin lokacin."

Abu uku ne a ciki: me ya faru, me ya shafi kuɗinsa da kayansa, yaushe zai sake jin ɗuriyarku. Ba a ambaci sunan manhaja ba, ba a ɗora wa kowa laifi ba, domin shi da ku ya ƙulla ciniki. Alƙawarin ƙarfe 4 ɗin nan kuma a cika shi, ko da abin da za a faɗa shi ne har yanzu ana kai.

Mataki na takwas: mako biyu na sauraro

Yawancin waɗanda abu ya ba wa haushi ba sa kawo ƙara, tafiyarsu kawai suke yi. Don haka bayan kowace babbar sabuntawa ka buɗe shafi guda inda duk ma'aikacin da ya ji wata magana zai rubuta ta yadda aka faɗa, da kwanan wata. "Ban ga rasit ɗina ba." "Fom ɗinku ba ya buɗewa a wayata." Mutum ɗaya ya faɗa, wataƙila wayarsa ce. Mutum uku cikin mako guda, naku ne. Ka kwatanta adadin oda da saƙonnin da suka shigo da na makonnin baya. In sun faɗi ba dalili, koma ka sake bin gwajin mataki na biyar.

Ka ɗauki waya ka kira mutum biyu ko uku cikin tsofaffin abokan cinikinka, waɗanda ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya. Kira ɗaya irin wannan ya fi takardar jin ra'ayi mai tambaya ashirin da ba mai cikewa.

Idan manhajar ce za ta mutu gaba ɗaya

Akwai sabuntawar da ba ta zuwa da maɓalli, sai dai da wa'adi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, rana ɗaya da Office 2016 da Office 2019. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi, amma facin tsaro na kyauta ga kamfanoni ya ƙare, sai ga wanda ya sayi ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, ka ga batun ya tashi daga sabunta manhaja ya koma sayen na'ura. Skype, da kamfanoni suka yi shekara da shekaru suna bugawa a katin kasuwancinsu, an rufe shi a watan Mayun 2025. Wani lokaci kuma manhajar tana nan, sharuɗɗan ne ke sauyawa: tun Satumban 2022 masu amfani da Slack (manhajar hirar ma'aikata) na kyauta saƙonnin kwana 90 na baya kaɗai suke iya gani.

Irin waɗannan ana sanar da su watanni, wani lokaci shekaru, kafin ranar. Ka ƙara shafi ɗaya a takardarka ta mataki na farko don ranar ƙarewar tallafi, ka fara shiri wata shida kafin ta zo. Ka bi duk inda aka rubuta tsohuwar hanyar tuntuɓarku, a shafin intanet, ƙasan imel, takardun kamfani, ka sauya.

Sau ɗaya a shekara kuma, ko ba ka da niyyar barin wata manhaja, ka gwada fitar da bayananka daga cikinta. Ka duba abin da ya fito da kyau. Sau da yawa sunaye da lambobi sukan fito lafiya, amma tarihin hira da abokin ciniki, takardun da aka maƙala, da bayanin wanda ake bi bashi da wanda ya biya rabi, sai su maƙale a ciki. In ka tarar da haka, rubuta wa masu manhajar ka tambaye su hanyar fitar da sauran tun kana cikin masu biyansu kuɗi, ka adana amsar da suka ba ka tare da takardar.